Ruwan da Ya San Kawu

Ranar da aka fara zaman makokin Kawu, wan mahaifiyata, tambaya guda ce ke yawo a ɗakin mata. Mace za ta shigo, ta durƙusa gaban Inna ta ce ya haƙuri, ta karɓi gahawa da dabino, sannan ta karkato ta yi ƙasa da murya: "To a ina ya cika?" Ba wadda ta damu da jin ciwon da ya ɗauke shi. Labari ya riga ya bazu cewa a bakin bahar abin ya same shi, can gaba da Yanbu, inda muka kafa tantuna a hutun zafi.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kunnenta ya yi nauyi har ta manta yadda ake raɗa, ta faɗa wa ɗakin gaba ɗaya: "Kaico! Mutum ya tsufa a Madina, a ƙarshe kifi ya ja shi ya je ya mutu a hanya." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. A wajen maza kuwa, babban ɗan Kawu yana amsa wa kowa da "Fil Madina," wato a cikin Madina, ana gyaɗa masa kai irin gyaɗawar da ake wa mai rufa wa ubansa asiri. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na tuƙa motar a ranar, don haka ni zan faɗi yadda aka yi.

Wanda ba a cikinmu ya tashi ba zai ga kamar tambayar ba ta kai ta kawo ba. Mu jikokin mutanen da suka tako da ƙafa ne daga ƙasar Hausa da Chadi, suka yi aikin hajji, suka ƙi komawa don su mutu a garin Manzo. Tsofaffinmu da zarar sun fara jin jiki sukan daina kwana a wajen gari. Ko bikin jika ake yi a Jidda, sai su sa albarka daga nan. Burin kowa ransa ya fita a cikin iyakar Harami, ba a kwaso gawarsa daga wani wuri a kawo ba. Kawu ya fi kowa wannan burin. Sai dai Allah ya jarrabe shi da son abin da babu shi a Madina, wato ruwa.

Gado ya yi. Kakanmu masunci ne daga bakin Tafkin Chadi, kuma a gidansu namiji bai cika samun kabari ba. Uban Kaka a ruwa ya tafi, yayyen Kaka ma haka, kowannensu a mashigin da ya saba, inda ya san kowace ciyawa. Kaka ya bar kwalekwale, ya nufo gabas, bai tsaya ba sai da ya zo garin da ko rafi babu. Nan ya rasu a kan shimfiɗarsa, aka kai shi Baƙi'a. Kafin ya tafi ya lura ɗansa Kawu na tsayawa yana kallon kwamin ban ruwa a gonakin dabino fiye da kima, sai ya kira shi ya ce: "Na ga abin yana jikinka, ba zan iya cire maka ba. Ka yi fatsarka. Amma ruwan da ka shiga sau ɗaya, kada ka sake shigarsa. Idan ya san ka zai kira ka."

Kawu ya yi rayuwarsa yana kula da wata gonar dabino a unguwar Awali. A can yake haɗa kayan fatsarsa, kuma fatsar tasa ba irin ta kowa ba ce. Ba ya sa tsutsa ko nama a ƙugiya. Gashin wuyan zakara yake tsinta, ya ɗaure a jikin ƙugiyar da jan zare, ya datse, ya hura, har ta koma kamar wani ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Gashin tattabarun gari kuwa ba ya taɓawa ko a ƙasa ya gani, ya ce maƙwabtan Annabi ne, ba zai yaudari kifi da rigarsu ba. Da la'asar sai ya tsaya tsakanin dabinai da doguwar sandarsa, yana kaɗa ta gaba da baya, zaren na shawagi bisa kansa, ya sake shi gashin ya sauka a hankali a kan busasshiyar ƙasa. Sabon lebura idan ya gani yakan je ya tambaya ko Shaihu lafiya yake. Ni kuwa nakan ce masa, "Kawu, yau ƙadangare nawa aka kama?" Sai ya ce, "Ke dai ki zo da bakin cin."

Duk hutun makaranta sai ya tattara mu, 'ya'yansa da jikoki da mu 'ya'yan ƙanwarsa, mu nufi bahar. Mutane na neman inda za su ɓuya wa zafi, mu muna ɗaure tantuna a kan mota. Kuma ba mu taɓa sauka wuri ɗaya sau biyu ba. Wuri ya yi daɗi, ga inuwa, ga yashi mai laushi, yara sun saba, baɗi sai a wuce shi kamar ba a san shi ba. Ranar tashi, bayan an naɗe komai, Kawu zai nemo duwatsu uku, ya zauna da wuƙa ya yi wa kowanne zane uku a gefe, irin tsagar da ke kumatun Kaka. Ya jera biyu a ƙasa, ya ɗora ɗaya a kai, can sama inda cikowar ruwa ba ta kaiwa. Alamarsa ke nan cewa wannan ruwan ya gan shi.

A kan wannan suka sha rigima da babban ɗansa. Shi taubashina ne, tun muna yara nake tsokanarsa, kuma har ya yi furfura bai iya tsayawa a Hausa ba idan ransa ya ɓaci, sai ya riƙa cakuɗa ta da Larabci. Ubansa ma Abuya yake ce masa.

"Abuya, wallahi haza camfi ne," ya ce wata shekara, muna tsaye a rana an wuce wani wuri mai kyau. "Bahar bahar ne. Ruwa ba ya sanin mutum. Ka bari mutane su ji, su ce muna shirka?"

Kawu bai ɗaga murya ba. "Na ce maka ruwa na kashewa? Allah ke kashewa. Ubana ya ce kada in koma, ban koma ba. Kai da naka uban ke gaya maka magana kana ce masa haza, ka ji da kanka."

Na ce, "Bar shi, Kawu, wanda ke tsoron ƙaguwa ina ya ga bakin maganar bahar?" Taubashina ya harare ni, ya shiga mota ya buga ƙofa. Amma ya bi mu, kullum yana bi.

Shekarar da aurena ya mutu na koma ɗakin Inna, na daina fita, na daina magana. Kowa ya yi mini nasiha har na gaji da jin kalmar haƙuri. Kawu bai yi ba. Ya zo wata safiya ya ajiye mini makullin motarsa a cinya, ya ce idonsa ya fara gajiya da hanya, yana neman direba. Lokacin ba a daɗe da barin mata su yi tuƙi ba, ni ma ban gama ƙwarewa ba. Ya zauna a gefena kamar wanda ya hau jirgi, ko sau ɗaya bai kai hannu ga sitiyari ba. Tun daga nan ya sa mini suna Direba, kuma ni ke kai shi neman wuri kafin a kwaso iyali.

Neman wurin aiki ne. Mu bar kwalta mu bi sawun motoci cikin yashi, shi yana leƙe ta taga. Tsuntsaye yake fara dubawa, inda zalɓe ke tsaye da inda fararen tsuntsayen teku ke faɗawa ruwa. Yana son fili mai faɗi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, da ɗan kwari mai duhu a gefe inda manyan kifi ke fakon ƙanana. Amma kafin ya kalli ruwan da kyau, sai ya bi tudu da ido tukuna, yana neman duwatsunsa.

Wata rana da tsakar rana muka gangara wani lungu da ban taɓa ganin mai kyansa ba. Na riga na kashe mota sai na ji ya ce, "Tayar." Na bi idonsa, ga duwatsu uku a kan tudu, yashi ya ci rabinsu. Ya ɗaga gilashin tagarsa har sama. Ina juya motar na dubi ruwan. Babu iska ko kaɗan, bahar kwance lumui, amma a daidai inda muke akwai wani siririn layi da ke tahowa daga ciki zuwa gaɓa, a hankali, kai tsaye wajenmu. Na ce ko kifi ne. Ya ce, "Kalli hanyarki, Direba." Sai da muka hau kwalta ya sauke gilashin, kuma ranar bai ci abinci ba.

Shekaru suka tafi, gaɓar ta fara ƙare mana. Wani wuri an kewaye shi da waya, wani an yi gini, sauran kuwa duk da duwatsun Kawu a kai. Bana muka yi ta yawo ni da shi ba mu samu ba, ga gwiwarsa ta matsa masa. Inna ta ce a haƙura, ai ya kai shekarun zama a gari. Shi ma ya ce to. Amma na ga yadda yake juya ƙugiyoyinsa a tafin hannu, taubashina ma ya gani. Duk faɗan da yake yi, ba ya iya ganin ubansa a haka. Shi ya nemo wani wuri a taswirar waya, can arewa, ta wata sabuwar hanya da ba mu taɓa bi ba. Ya ce, "Halas, Abuya, wannan jadid ne, sabo fil, ko aljani bai san shi ba."

Motarsa ce ta riga isa, da Inna da yara da kayan girki. Ni da Kawu muka biyo baya a hankali saboda ƙafarsa. Ko da muka iso an kafa tantuna, hayaƙi na tashi. Akwai murhun gas, amma Inna ba ta yarda da shi a kan babbar tukunya ba, ta ce tuwon gas ba ya nuna har zuciya. Kawu ya fito da sandarsa ta dogarawa, ya bi tudun nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana dubawa. Bai ga komai ba. Ya dawo fuskarsa a sake, ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce Allah ya yi masa albarka.

Washegari da hantsi ya shiga ruwa, na tsaya a gaɓa riƙe da bokiti. Abin da na fara lura da shi shi ne babu tsuntsu ko ɗaya. Wurgin farko kifi ya kama. Na biyu ma haka. Kawu mutum ne da kan yini yana lallashin kifi ɗaya, ranar kuwa kafin gashin ya taɓa ruwa an hadiye shi. Yara na tsalle suna ihu. Ni dai na ga ya daina murmushi. Ƙananan kifaye sun taru a ƙafafunsa, baƙi ƙirin, ya matsa su matsa, ya tsaya su tsaya. Can sai ya juya kansa wajen zurfi, ya ce, "Na'am?"

Ya waigo ya dube ni. "Ke kika kira ni?"

Na ce a'a.

"Uwarki fa?"

Inna na can wajen tukunya, ko jin mu ba ta yi. Ya naɗe zarensa, ya fito a hankali, kifayen nan na biye da shi har inda ruwa ya ƙare a idon sawu. Ya wuce ni, ya wuce tantuna, ya tafi kai tsaye wajen murhu, ya ce wa Inna, "Auta, sauke tukunyar nan." Ta sauke. Ya sa sandarsa ya ture dutse ɗaya daga cikin toka, ya juya shi. Zane uku ne a gefensa, wuta ta baƙanta su amma suna nan.

"A ina kika samo su?"

Inna ta nuna tudu. "Can na gan su a jere, Yaya, kamar an ajiye mini. Wallahi ban duba ba. Murhu kawai na gani."

"Tun kafin in yi aure ne," in ji shi, kamar da kansa yake magana. "Ta teku muka zo a lokacin, shi ya sa ban gane tudun ba." Ya dubi ƙanwarsa da ta fara kuka ya ce, "Share hawayenki. Ko ni na ga duwatsu uku ina da tukunya, abin da zan yi ke nan." Sai ya dafe ƙirji ya zauna a kan yashi, zaman da ba shi ya yi niyya ba. Ya ce, "Da sunan da Baba ke kirana aka kira ni. Direba, kai ni gida."

Muka sa shi a kujerar bayan motarsa, kansa a cinyar Inna, ɗansa a gaba kusa da ni. Sauran muka bar su su naɗe kaya. Da muka kusa mararrabar Yanbu taubashina ya ce in karya dama.

"Mustashfa na nan kusa, Abuya. Dahin, yanzu-yanzu, za a duba ka. Madina ba'id, wallahi da nisa."

"Asibitin a bakin me yake?" in ji Kawu.

"Abuya, don Allah."

"A bakin bahar yake. Ka kai ni can, ka kai ni hannunsa. Ban taɓa roƙonka komai ba. Direba, miƙe."

Na dubi taubashina. Da ya ce in karya, da na karya, don ubansa ne, kuma ni ma tsoro ya cika ni. Ya rufe fuska da tafukansa, ya daɗe, sannan ya ce da Hausa tsantsa, "Miƙe, 'yar'uwa." Na miƙe. Har yau ban san ko likita zai iya yin wani abu ba, shi ma bai sani ba, kuma ba ma tayar da maganar.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Rana ta take, duwatsun hanya baƙaƙe suna ta wucewa, na'urar sanyi na aiki, amma motar warin bahar take yi kamar a gaɓa muke. Wandon Kawu da ya jiƙe zuwa gwiwa ya ƙi bushewa. Inna ta matse shi, ta goge da mayafinta, jim kaɗan ya sake yin sharkaf, har ruwa na ɗiga a kan shimfiɗar ƙafa. Muka wuce Badar, bahar ya yi nisa a bayanmu, ɗigar ba ta tsaya ba. Kawu na salati a hankali. Lokaci lokaci sai ya tsaya, ya karkata kai kamar mai saurare, ya ce, "Ba zan amsa ba," ya ci gaba da salatinsa.

"Mun shiga?" ya tambaya.

"Saura kaɗan, Kawu."

Numfashinsa ya fara yin nisa da juna. Na riƙa jin kowanne a bayan wuyana, ina jiran na gaba. Da gine-ginen farko na bayan gari suka bayyana, gidajen mai da rumbunan kaya, ya sake tambaya, muryar da ƙyar take fita. Iyakar Harami na gaba tukuna, duk mun sani. Inna ta dube ni ta madubi, ta sunkuya a kansa ta ce, "Mun shiga, Yaya. Ga Madina nan. Ka huta."

Idonsa a rufe, amma sai da ya yi ɗan murmushi. "Auta, tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba. Har yanzu ina jin sa."

Taubashina ya juya ya riƙe hannun ubansa ta tsakanin kujeru. Ni na kafa ido a kan kwalta, ina roƙon Allah a zuci abin da ban taɓa roƙa wa kowa ba, ba tsawon rai ba, tsawon hanya kaɗan kawai. Wata babbar mota ta tare ni a hawa, na bi ta gefe ta kan tsakuwa na wuce ta. Can na hango allon nan da ke nuna farkon iyakar Harami. Ban faɗa wa kowa ba. Inna kanta a sunkuye, ɗansa ya ba hanya baya, Kawu kuwa a kwance yake, ko ya buɗe ido rufin mota kawai zai gani. Ni kaɗai na ga allon ya zo ya wuce.

Ba mu yi nisa da shi ba Kawu ya ja dogon numfashi, ya sauke.

"Yauwa," ya ce. "Ya yi shiru. Direba, sauke gilashi."

Na sauke duka huɗun. Busasshiyar iskar gari ta shigo mai zafi, warin nan ya fita kamar an ɗauke shi da hannu. Ya shaƙa, ya yi kalmar shahada a fili, ba gaggawa, Inna na bin sa. Ya ce in rage gudu, ai an iso. Na rage. Kafin mu kai danjar farko Inna ta kira shi, "Yaya," ta sake kira, sannan ta sa tafin hannunta ta shafe masa ido.

Na gangara gefen hanya na tsaya. Muka zauna mu uku, motoci na wuce mu, ladan na kiran la'asar a wani masallaci kusa. Inna ta kai hannu ta taɓa ƙafar wandonsa, ta ɗago ta dube ni. Ya bushe ƙayau.

Ya Allah, ga baƙonka nan ya iso da ƙyar. Ka yi masa masauki kusa da ubansa, ka sanyaya masa ƙasar da ya zaɓa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, inda mutum ke komawa ya sake sha ba tare da tsoro ba.